Kanyar da Muka Juya da Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina ya rasu, mahaifin matata, tsohon da duk layinmu a Agege ke kira Baba mai ƙwallo. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa furta shi ba yana raye, ba kuwa yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan fara ba.

Wadda ta fara fasa kuka ba 'yarsa ba ce, ba kuma Inna matarsa ba. Iya ce, Bayarabiyar da muke haya a gidanta. Ta fito tsakar gida tana dukan cinya tana cewa, "O ma she o! Baba onigi ti lo!", wato kaico, Baba mai itace ya tafi. Matanmu suna ta ba ta baki, suna ce mata addu'a yake bukata ba kururuwa ba, ita kuwa ko a jikinta. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙwallon katako da ya yi baƙi saboda riƙo, tana nuna wa kowa. Lokacin da mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, Baba ne ya mulmula masa shi daidai tafin hannunsa, ya ce ya riƙa murzawa safe da yamma. Da Hausarta mai karyayyen ƙashi take faɗa, "Ba wanda ya ce masa yi. Ya gani kawai, ya kawo."

Maigadin layinmu, mutumin Nijar, bai shiga cikin gida ba. Ya zauna a bakin shagon Baba ya haɗa kai da gwiwa, duk wanda ya wuce sai ya ɗago ya ce, "Tsohon ga, wallai ko so guda bai wuce ni bai gaishe ni ba." 'Yan tumatir sun taso daga kasuwar Mile 12 da taɓo a ƙafafunsu, ko wanka ba su tsaya yi ba. Kafintocin da ke sayen kan gado da kan sandar labule a wurinsa suka rufe shaguna. Akwai wani mai ɗinkin kujeru, Kirista daga wajen Filato, da ya tsaya can bayan sahu ya cire hula har aka idar da sallar gawa, sannan ya bi mu maƙabarta a ƙafa.

Ni ban yi kuka ba a ranar. Haushi ne ya cika mini ciki, har na rasa wanda zan sauke wa. A cikin shagon da maigadi ke zaune a bakinsa akwai guntun itacen kanya a ɗaure a kan inji, saura ƙiris ya zama ƙwallo. Shi ne abu ɗaya da Baba ya ce yana so ya riƙe a hannunsa kafin ya tafi, kuma bai riƙe ba. Duk wanda ya kama hannuna ya ce "ya haƙuri", bakina yana amsawa, zuciyata kuwa tana tambayata abu ɗaya: da na sa wa injin nan bel ɗinsa na ba shi wuta, da ba a gama ba tuni?

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san mu ba ya gane.

Ni direba ne tun asali, haifaffen Agege, Yarabancina ya fi Hausata gudu. Na ja danfo, bas ɗin hayar Legas, na ja babbar mota daga Ijora zuwa Arewa, kuma kowa ya san ƙafata ba ta shiri da birki. Na auri 'yar farin Baba. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ita kanta ba ya kiran sunanta, balle ni mijinta. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in na hango shi a layi sai in tsuguna in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. 'Yan Legas abokaina suna mini dariya, wai "which kind wahala be dis, surukinka ne ko soja?" Ni ma a lokacin ina ganin abin ya yi yawa, amma haka muka tarar.

Da mota ta kife da ni na karye a cinya, na daɗe ina jinya, da na tashi kuma ƙafar ta ƙi yarda da kuloci. Zaman gida ya ishe ni, na zama masifaffe, ko ƙuda ya wuce sai na yi masa faɗa. Wata safiya matata ta dawo daga wajen iyayenta ta ce, "Baba ya ce akwai wata kujera a shago da ta rasa mai zama." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce zo ka koyi sana'a ba, bai ce na ji tausayinka ba. Na ɗingisa na je, na tarar da kujerar an goge ta, an ajiye samfefa a kai.

To, yaya za ka koya wa mutum aiki alhali kunya ta hana ka yi masa magana? Baba ya samo hanyarsa. Da itace yake magana. In na ɗaura katako a karkace, sai ya matso ya dafa shi ya ce, "Kai kuwa wa ya zaunar da kai haka, kamar mai ciwon baya?" Sai in kwance in gyara. In na gama ƙwallo na ajiye, sai ya ɗauka ya rufe ido ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Ido ya ce ka yi, hannu ya ce da saura." In kuwa ya yi masa, ba ya yabo. Cewa yake, "To, je ka," ya jefa shi cikin kwando.

Injin juyinsa tsoho ne, ya girme ni. Ana maƙale katako tsakanin ƙusoshi biyu, motar injin ta ja bel, bel ya ja fuli, katako ya yi ta juyawa. Fulin hawa-hawa ne, inda ka ɗora bel nan ne gudun da ka zaɓa. A nan muka fi samun saɓani, domin ni hannuna kullum hawa na sama yake nufa. Ƙananan 'ya'yan carbi suna son gudu, wannan gaskiya ne, in ka yi musu sanyi sai su fito da kaushi. Amma babban gungume da bai riga ya zama da'ira ba, in ka ba shi wuta sai injin ya kama rawa yana tafiya a ƙasa. Ran nan na yi haka, wani guntun maɗaci ya kuɓuce ya fasa kwanon rufi ya faɗa tsakar gida a kan shanyar Iya. Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon hudar, sannan ya ce wa injin, "Ka yi haƙuri. Direba ne, yana tsammanin hanyar Badagry ce."

Yana zaɓar gudu ne da tafin hannu. Sai ya kunna, ya dafa jikin inji, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. In akwai rawa ko kaɗan, a sauko da bel. Yakan ce kowane itace da tafiyarsa, mai nauyi a bi shi a hankali, mai tsaga kuwa a bi shi kamar mai jego.

Faɗanmu na gaske ɗaya ne, kuma a kan rauta ne. Na lura hannunsa ya fara rawa. Cizal ɗin da yake riƙewa kamar alƙalami ya fara cin inda ba a aike shi ba, ƙwallaye suna fitowa da tabo, yana ɓoye su a ƙarƙashin garin katako don kada in gani. Ba ni da bakin da zan ce masa Baba ka tsufa. Sai na tafi Isolo na samo rauta tokumbo, wani ɗan inji mai haƙori ɗaya da ke juyawa da tsananin gudu yana cin katako. Na sa mai walda ya yi mini hannun ƙarfe da ke lilo a ƙarƙashin katakon, daidai tsakiyarsa, na ɗaura rautar a kai. In katako yana juyawa kana tura hannun daga wannan gefe zuwa wancan, haƙorin zai bi rabin da'ira, ƙwallo ya fito da kansa. Bayan kowane wuce sai ka ɗan sauke haƙorin kamar kaurin farce, ka sake.

Da ya shigo ya gani, bai ce wa itace komai ba, bai ce wa inji komai ba. Ya juya ya fita. Da yamma saƙo ya iso ta bakin matata: "A gaya wa mutumin nan, in ya ga na mutu ne to ya bari a binne ni tukuna." Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce, "Ki gaya masa ni ba gadon shago na zo ci ba." Ba ta kai wannan saƙon ba, Allah ya saka mata. Ya daina zuwa shago, ni kuma na ƙi cire rautar, gida ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Sai wata Juma'a bayan an sauko na tarar da shi tsaye a kan injin, ya ɗora bel a hawa na ƙasa, yana ce wa rautar, "Ke kina gudu, shi ma yana gudu, wa zai saurari wani? In ke za ki yi sauri, shi sai ya yi sannu." Ashe kwanakin nan duk yana tunanin yadda za a yi aikin ya fi kyau ne. Kuma gaskiyarsa, ƙonewar da ƙwallayena ke yi a gefe ta daina daga ranar.

Kanyar kuwa tana can saman kabad tun kafin in zo shagon, a naɗe cikin tsohon buhu. Daga ƙauyensu take, can ƙasar Kano. Bishiyar ƙofar gidan mahaifinsa ce, wadda suka sha 'ya'yanta suna yara. Zaizayar ƙasa ta cinye gidan, bishiyar ta faɗi, ƙaninsa ya yanko guntu ya aiko masa a motar tumatir. Baba ya yi ta cewa zai koma gida in ya huta, bai koma ba, har waɗanda zai koma wurinsu suka ƙare. Lokaci-lokaci yakan sauko da ita ya kakkaɓe, ya bi wata siririyar tsaga da ke gefenta da babban yatsa, ya mayar.

Da daminar bana ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ce zuciya ce, a kwantar da shi a asibiti. Ƙanin matata, wanda ke aiki a Apapa, ya zo da mota har ƙofar gida yana cewa, "Baba, please, kada ka yi mana haka, bed ɗin yana nan an riga an kama." Baba ya ce, "A bar ni in gama kanyar nan. Ran da na riƙe ta a hannuna, ku kai ni duk inda kuka ga dama." Aka yi ta fama, ya kafe. Da aka rasa yadda za a yi, ƙanin matata ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, don Allah ka gama masa abin nan sharp sharp." Na ce masa aikin wuni ɗaya ne, ya kwantar da hankalinsa.

Washegari aka riƙo shi aka zaunar kusa da inji. Na sauko da kanyar, na ɗaura, na miƙa hannu zan ɗora bel a hawa na ƙasa, mafi sanyin gudu da injin ke da shi. Sai na ji ya ce wa itacen, "Kai mai tsaga ne. Ko na ƙasan ya yi maka yawa, tarwatsewa za ka yi. Kuma ba ni da wani bayan kai." Ya ce a cire bel ɗin gaba ɗaya. Ya matso da kujerarsa, ya ɗora tafin hannunsa a kan fuli, ya fara juya shi da kansa.

Haka muka yi aikin. Shi yana juya itace da hannu, ni ina tura rauta. Da hantsi ake kawo shi, mu yi wuce biyu ko uku, sai numfashi ya ƙare masa, ya jingina yana haki, a mayar da shi ɗaki. Wata rana ba wuta, janareto ya ƙi tashi. Wata rana ruwa ya cika layi ba a iya fito da shi. Wata rana ya zo amma hannun ya ƙi, sai ya zauna kawai yana shaƙar ƙamshin garin kanya, yana ba itacen labarin rijiyar da ke bayan gidansu da wata akuya mai cin sabulu. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Ni dai ina tsaye kaina a ƙasa, ina ji, ina kuma kallon yadda ƙafafunsa ke ƙara cika.

Tsoro ya kama ni. Aikin wuni ɗaya ya shiga makonni, ƙwallo yana fitowa a hankali, mutumin kuma yana tafiya da sauri. Ƙanin matata yana kirana a waya yana faɗa, wai ni nake jan abin. Na ce matata ta roƙe shi, ta dawo tana hawaye ta ce ya yi kamar bai ji ba. Ran nan dai na kasa daurewa. Na kashe rauta, na dafa kanyar, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce wa itacen, "Kai kanya, ka gaya wa mai kai, hawa na ƙasa ba gudu ba ne. Ka ce masa direba ya rantse ba zai wuce nan ba. Kafin la'asar zai riƙe ka."

Na ɗauka ransa ya ɓaci. Sai na ji wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya ce, "Kanya, ka ce masa na ji. Ka ce masa sannu ba ta hana zuwa." Ya mayar da hannunsa kan fuli.

Na bi maganarsa, don ban san yadda ake ƙin bin ta ba. Sau da yawa bayan an mayar da shi ɗaki nakan tsaya ni kaɗai da bel a hannu, in ce bari in ɗora in gama, gobe in miƙa masa. Sai in tuna in ya tarwatse fa, da wane ido zan dube shi, ni da ko da lafiya ba na iya duban sa? Sai in rataye bel ɗin in rufe shago.

Ranar da ya rasu, saura wuce kaɗan a yanke 'yan kunnuwan da ke riƙe da ƙwallon a gefe biyu. Na buɗe shago, na share, na gyara masa kujera, wuta ma akwai. Ina jiran a kawo shi sai na ji muryar Iya tana kururuwa. Karin maganar nan da ya yi mini, tun ina yaro nake jin ta, ban taɓa tsanar ta ba sai ranar. Ta hana zuwa mana. Ta hana.

Bayan an share makoki baƙi sun watse, matata ta ce in je in ƙarasa, ba kyau a bar shi a rataye. Na ce ba zan iya juyawa da turawa ni kaɗai ba. Ta ce ita za ta juya. Muka shiga, ta zauna a kujerar mahaifinta ta ɗora hannu inda yake ɗorawa, fulin har ya yi sheƙi a wurin. Muka yi wucen da suka rage, na yanke kunnuwan, na bi shi da samfefa, na shafa masa mai. Sannan na kai shi bakin ƙofa wurin haske ina neman tsagar, don in ga zurfin abin da ya cinye mana kwanakin nan.

Babu ita. Na juya, na sake juyawa, na bi da farce. Tsagar a fatar sama kawai take, rauta ta cinye ta tun a kwanakin farko, ni kuma tsoro bai bar ni na duba ba. Itacen lafiya lau yake har cikinsa, ko a hawa na sama aka ɗora shi ba abin da zai same shi. Na zauna a cikin garin katako na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ina cewa da na sani, da na sani, aikin wuni ɗaya ne wallahi.

Matata ta ɗauki ƙwallon ta kai wa Inna, wadda ke cikin takaba. Na bi ta na tsuguna a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu, domin Inna ma ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Na ji matata tana gaya mata cewa ba tsaga, kuma ga ni can ina cin kaina. Da Inna ta buɗe baki, da 'yarta take magana, amma ta ɗaga murya yadda zan ji.

Ta ce, "Ki ce masa ya daina. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin itace, shi ne bai san tsagar ta fita ba? Tun ranar da ta fita ya gaya mini. Na ce to ka bari yaron nan ya sa bel mana a huta. Ya ce, in aka sa bel, ni kuma me zan yi a wurin? Sai su ɗauke ni su kai ni gado in kwanta ina kallon silin." Ta ja numfashi. "Ya ce kuma bai taɓa zama da mijin 'yarsa sun yi hira ba sai a kan kanyar nan, ba ya so ta ƙare."

Duk kwanakin da nake ƙirga su a matsayin asara, ina jin haushin kowace safiya da ta wuce ba a gama ba, ashe su ne abin da yake so, kuma ya same su. Ni ne na yi su ina kallon agogo. Da na san hira muke yi, da na tambayi kanyar abubuwa da yawa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Inna da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi masa addu'a ko da bai san sunansa ba, Allah ya san shi.

Inna ta turo ƙwallon ta ƙarƙashin labule, ya gangaro ya tsaya a gwiwata. Ta ce wa 'yarta, "Ki ce masa ya riƙe. Hannunsa ne ya rage a cikin biyun da suka fara aikin."